Konstantan: Tarihin Gamin Jan Ƙarfe da Nikel Mai Awon Zafi

Konstantan gamin ƙarfe ne da ake samu idan an narka jan ƙarfe da nikel wuri guda, kimanin kashi 55 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 45 nikel, wani lokaci da ɗan manganis kaɗan. Launinsa fari ne mai ɗan duhu, ba ya saurin tsatsa, maganaɗisu ba ya kama shi, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 1,210 a ma'aunin Salshiyos yake fara narkewa. Yana jawuwa ya zama waya siririya, yana kuma karɓar walda da dalma ba tare da gardama ba. A Ingila an daɗe ana sayar da shi da sunan Eureka, a Amurka kuma da sunan Advance.

Halaye biyu ne suka ɗaukaka shi. Na farko, turjiyar da yake yi wa wutar lantarki ba ta cika sauyawa ba, ko ya ɗau zafi ko ya huce. Na biyu, idan aka haɗa bakinsa da bakin wani ƙarfe daban aka gasa mahaɗar, yakan fitar da lantarki mai ɗan auki, fiye da yawancin ƙarafan da ake samu da araha. Don halin farko aka ƙirƙiro shi, amma na biyun ne ya kai shi masana'antu da asibitoci da ɗakunan girki na duniya, a cikin tagwayen wayar nan ta awon zafi da masu gyara ke kira tamokoful.

Danginsa na dā

Jan ƙarfe da nikel maƙwabta ne a jadawalin sinadarai, ɗaya na 29, ɗaya na 28, kuma ƙwayoyinsu sun yi kusan girma ɗaya. Shi ya sa suke gauraya ko da wane kaso aka haɗa su, kamar yadda nono ke bin ruwa, ba sa rabuwa idan sun daskare. Mutane sun ci moriyar wannan gami tun ba su san akwai wani ƙarfe mai suna nikel ba. A ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, sarakunan Baktiriya, a arewacin Afganistan ta yau, sun buga kuɗi da farin ƙarfen da bincike ya nuna jan ƙarfe ne da nikel. Mutanen Sin ma sun daɗe suna ƙera farin jan ƙarfe, wanda fatake suka riƙa kaiwa Turai. Sai a 1751 wani masanin ma'adinai ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, ya ware nikel shi kaɗai ya tabbatar ƙarfe ne mai zaman kansa. Bai wadata a kasuwa ba sai bayan da aka gano shi a tsibirin Sabuwar Kaledoniya a 1864, da kuma Sudbury ta Kanada a 1883, lokacin da ake shimfiɗa layin dogo.

Jan ƙarfe kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ibn Battuta ya sauka Takedda, yamma da Agadas, a 1353, ya tarar ana narka shi ana zuba shi sanda-sanda, ana ciniki da shi a matsayin kuɗi, ana kuma kai shi Gobir da Barno. Gamin da ke da nikel ya shigo ne ta aljihun Bature. Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi a watan Maris na 1903, kuma a 1907 aka fara buga kwabo mai huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida, da gamin jan ƙarfe da nikel. Anini ya fara da alminiyum, a 1908 aka mayar da shi wannan gami, ɗari kuma ya biyo baya a 1911. Haka aka yi ta tafiya har 1952, lokacin da aka koma buga waɗannan ƙananan kuɗi da tagulla. Ko da aka sauya zuwa naira a 1973, kwabo 5 da kwabo 10 da kwabo 25 duk da gamin aka buga su. Na kuɗi dai nikel ɗinsa kashi 25 ne, bai kai na konstantan ba, amma gida ɗaya suka fito. Duk dattijon da ya taɓa zura anini a zare ya riƙe ɗan'uwan konstantan a hannunsa.

Allurar kamfas ta motsa

A 1821, a Balin, Thomas Seebeck ya haɗa jan ƙarfe da bismut ya yi zobe, ya ɗumama mahaɗa ɗaya ya bar ɗayar da sanyi, sai ya ga allurar kamfas da ke kusa ta karkata. Shi a ganinsa zafi ne ya haifar da maganaɗisu, kuma bai sauka daga wannan ra'ayi ba. Hans Christian Oersted na Danmak ne ya nuna cewa lantarki ne ke kewaya zoben, shi ne kuma ke juya allurar. Ba a jima ba aka ga amfanin abin. Georg Ohm ya sha wahala da baturan zamaninsa, waɗanda ƙarfinsu ke hawa da sauka, sai a 1826 ya koma ga bismut da jan ƙarfe, baki ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗayan cikin ƙanƙara, ya sami lantarki mai tsayawa wuri ɗaya. Da shi ya kafa dokar da ake koya wa ɗaliban sakandare da sunansa har yau. A wannan shekarar kuma Antoine Becquerel a Faransa ya gwada auna zafi mai tsanani da irin wannan haɗi.

Matsalar ita ce ƙarafan. Bismut da antimoni suna ba da lantarki sosai, amma gautsi gare su, kuma bismut yana narkewa a digiri 271. A 1886 Henry Le Chatelier, wanda ke nazarin siminti da tanderun masana'antu, ya fito da haɗin filatinam da filatinam mai rodiyam, wanda ke jure zafi fiye da digiri 1,500. Ya yi aiki ƙwarai, sai dai tsada, kuma lantarkinsa ɗan kaɗan ne. Tsakanin mai gautsi da mai tsada akwai babban fili da ke jiran ƙarfe mai araha.

Weston da Jamusawa

Wanda ya kawo ƙarfen ba awon zafi ne ya dame shi ba. An haifi Edward Weston a Oswestry ta Ingila a 1850, ya ƙaura Amurka a 1870, ya yi aikin shafa wa ƙarfe nikel da lantarki, ya ƙera janareto da fitilu, daga baya a 1888 ya kafa kamfanin ƙera mitocin lantarki a Newark. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne mita mai faɗin magana biyu, ɗaya da safe ɗaya da rana. Dalili kuwa waya ce. Idan wayar jan ƙarfe ta tashi daga digiri 20 zuwa 120, turjiyarta kan ƙaru da kusan kashi 39 cikin ɗari, kuma ita kanta wutar da ake aunawa tana ɗumama wayar. A 1887 Weston ya sami wani gami da ya kira na biyu a jerin gwaje-gwajensa, wanda a irin wannan tashin zafi sauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A Jamus aka shiga sarrafa shi da yawa, can kuma aka raɗa masa sunan konstantan da ya bi shi.

Bayanin wannan hali ba shi da wuyar fahimta. A cikin tsantsar ƙarfe ƙwayoyi a jere suke, abin da ke tare wa lantarki hanya shi ne karkarwar da suke yi, ita kuwa karkarwa da zafi take ƙaruwa. A cikin konstantan jerin a hargitse yake tun asali, nan ƙwayar jan ƙarfe, can ta nikel, babu tsari. Wannan hargitsi shi ne mafi yawan turjiyar, har ta ninka ta jan ƙarfe kusan sau 30, kuma bai san zafi ko sanyi ba. Abin da karkarwa ke ƙarawa a kai ɗan kaɗan ne.

Sai dai konstantan bai daɗe a kan kujerar da aka yi masa ba. A sabuwar cibiyar awo ta gwamnatin Jamus da aka kafa a Balin a 1887, Karl Feussner da Stephan Lindeck sun yi ta gwada ƙarafan turjiya, ciki har da wani gamin na Weston mai manganis, wanda aka sani da manganin. Duk na'urar lantarki da wayar jan ƙarfe ake haɗa ta, don haka duk inda konstantan ya taɓa jan ƙarfe an sami mahaɗar Seebeck ba da niyya ba. Bambancin digiri ɗaya tak tsakanin bakin nan da bakin can yana haifar da kimanin maikrobolt 40, wato kashi 40 cikin miliyan na bolt, alhali na manganin bai wuce biyu ko uku ba. Ga mai awo na ƙwaƙƙwafi wannan aibi ne babba, shi ya sa manganin ya karɓe aikin manyan ma'aunan turjiya. Ga mai neman auna zafi kuwa, wannan aibin shi ne ainihin abin da ake nema. Zuwa farkon ƙarni na 20 an riga an saba ganin konstantan a murɗe da baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe a tanderun masana'antu da ɗakunan gwaje-gwaje.

Haruffa uku

Daga baya aka tsara tagwayen wayoyin da haruffa, aka buga wa kowane nau'i jadawalin da ke nuna lantarkin da zai bayar a kowane digiri. Hukumar awo ta Amurka ta fitar da babban kundin jadawalin a 1974, aka sabunta shi bayan da duniya ta amince da sabon ma'aunin zafi a 1990. Cikin nau'o'in da ba na filatinam ba, uku suna da ƙafa ɗaya ta konstantan, kuma a dukkansu ita ce ƙafar nagatif.

Nau'in J baƙin ƙarfe ne da konstantan. Yana aiki har wajen digiri 750, shi ne kuma na injinan narka roba da tsofaffin tanderu. An daɗe ana saka shi ƙarƙashin fulogi a injinan jiragen sama masu farfela, inda yake juya allurar agogon zafi da lantarkinsa shi kaɗai, ba batir. Rauninsa tsatsa, domin ƙafar baƙin ƙarfen ba ta son laima. Nau'in T jan ƙarfe ne da konstantan, daga digiri 200 ƙasa da sifiri zuwa 350, ba ya tsoron danshi, don haka shi ake so a firji da ɗakunan sanyi da tukunyar turara kayan tiyata da binciken abinci. Nau'in E kuwa kromel ne, gamin nikel da kromiyam, da konstantan, kuma ya fi kowane nau'in da aka saba da shi yawan lantarki. Idan baki ɗaya yana digiri 100, ɗayan yana cikin ƙanƙara, T zai ba da milibolt 4.28, J ya ba da 5.27, E ya ba da 6.32. Nau'in K, wanda ya fi kowanne yaɗuwa a yau, babu konstantan a cikinsa, yana ba da 4.10. Wani abin lura shi ne konstantan ɗin da ake yi wa J ya ɗan bambanta da na T da E, ba a musanya su.

A Sakkwato

Tamokoful ba zafin wuri yake aunawa ba, bambancin zafi tsakanin bakinsa biyu yake aunawa, kuma babu garin da ya fi Sakkwato dacewa a fahimci wannan. Jadawalin duka an gina shi ne a kan cewa bakin baya, wato wanda ke haɗe da mita, yana digiri sifiri. A watan Afrilu kuwa, zafin shago a garin yana kaiwa digiri 40 ba tare da an kunna komai ba. A ɗauki wayar T a tsoma bakinta cikin tafasasshen ruwa, a haɗa ɗaya bakin da mita a irin wannan shago. Maimakon 4.28, mitar za ta nuna wajen 2.67, domin zafin ɗakin ya cinye 1.61. Wanda ya duba jadawali kai tsaye zai ce ruwan digiri 65 yake, alhali yana ta ɓararraka a gabansa. Masu bincike na dā kan ajiye bakin baya cikin filas na ƙanƙara da ruwa. Na'urorin yanzu suna da wani ɗan ma'auni a daidai inda wayar ke shiga, yana auna zafin wurin yana cike giɓin. Amma idan mai gyara ya ga waya ta yi gajarta ya ƙara ta da wayar wuta ta gida, ya mayar da bakin baya can inda ya yi ƙarin, na'urar kuwa ba ta san da haka ba. Ƙari sai da wayar nau'in.

Inda talaka ya fi haɗuwa da wannan fasaha shi ne murhun gas mai kariya da obin ɗin gasa burodi da kek. Kusa da bakin wuta akwai wani ɗan tsinke mai kaurin ashana, da siririn bututun jan ƙarfe a bayansa, kuma a da yawa daga cikinsu ƙarfen ciki konstantan ne. Mai girki ya danna makunni ya riƙe na 'yan daƙiƙu, harshen wuta ya gasa tsinken, ya fitar da milibolt 20 zuwa 30, wanda ya isa ya rayar da wani ɗan maganaɗisun lantarki da ke riƙe ƙofar gas a buɗe. Idan iska ta hure wutar ko miya ta zubo ta kashe ta, tsinken ya huce, maganaɗisun ya saki, sifirin ya rufe gas. Idan aka kawo wa mai gyara murhun da wutarsa ke mutuwa da zarar an saki makunni, zai ce sensa ce, kuma sau da yawa ko dai tsinken ya goce daga harshen wuta, ko baƙi ya lulluɓe shi, ko goron da ke ɗaure bututun ya kwance. Akwai masu toshe kariyar gaba ɗaya don murhu ya kama da wuri. Wannan gyara ne da ya fi lalacewar muni.

Injinan ɗura fiya wata ma da zafi suke liƙe leda, kowane muƙamuƙi da hitarsa da tamokoful ɗinsa da ɗan akwatin da ke nuna lamba. Haka injinan robobi na Sharaɗa da Chalawa da Bompai a Kano. A nan kuskuren da aka fi yi shi ne saka waya nau'i ɗaya a akwatin da aka saita wa wani nau'in. Wayar J ko E a akwatin K za ta sa lamba ta wuce gaskiya, hita ta yanke tun leda ba ta kama ba, sai a ga jakunkuna suna yoyo. Launi yana taimakawa, amma shi ma sai an san tsarin da aka bi. A tsarin ƙasa da ƙasa J baƙi ne, T ruwan ƙasa, E shunayya, K kore, ƙafar nagatif kuma fara. A tsarin Amurka J baƙi ne, T shuɗi, E shunayya, K rawaya, ƙafar nagatif kuma ja ce, abin da ke rikita duk wanda ya saba da cewa jar waya ita ce fozitif. Idan launi ya goge, maganaɗisun tsohuwar sifika ya wadatar: a J zai manne wa ƙafa ɗaya da ƙarfi ya ƙyale ɗayar, a T da E ba zai kama ko ɗaya ba, sai dai T ana gane shi da ƙafarsa mai launin jan ƙarfe.

A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta kuma yi suna wajen murhun hasken rana da na'urorin busar da amfanin gona da na ɗumama ruwa da na tace shi. Irin wannan bincike a ko'ina awon zafi ne ginshiƙinsa, na faranti, na iska, na ruwan tukunya, kuma zafin yana faɗawa ne daidai inda nau'in T ya fi ƙwarewa. Ita kanta na'urar auna ƙarfin hasken rana da konstantan aka gina ta. A shekarun 1920 W. J. H. Moll na Jami'ar Utrecht ya jera siraran mahaɗan manganin da konstantan, kamfanin Kipp & Zonen na Delft ya sa su ƙarƙashin ƙoƙon gilashi, kamfanin Eppley na Amurka kuma ya yi tasa da wayar konstantan da aka shafa wa jan ƙarfe. Baƙin faifai yana shan rana, mahaɗan da ke ƙarƙashinsa suna tara ɗan lantarkin kowannensu ya zama abin karantawa.

Akwai inda konstantan ba ya zuwa. Kamfanin simintin Arewa da aka kafa a 1962, ya fara aiki a Kalambaina a 1967, wanda yanzu yake cikin BUA Cement, yana gasa farar ƙasa ne a tanderun da tsakiyarsa ke kaiwa digiri 1,450. Konstantan zai narke tun kafin a isa can. Irin wannan wuri sai filatinam na Le Chatelier ko na'urar da ke auna zafi daga nesa ta hanyar hasken da abu ke fitarwa. Maƙeran Sakkwato da masu zubin tukwanen alminiyum kuwa har yanzu da ido suke awo, suna karanta launin ƙarfe da yadda narkakken ke gudu, ko da yake alminiyum, da ke narkewa a digiri 660, yana cikin abin da nau'in J ke iya aunawa.

Sikeli

Halin konstantan na farko bai tafi a banza ba. A 1938 Edward Simmons a Kalifoniya da Arthur Ruge a Massachusetts, kowanne a nasa ɓangaren, suka gano cewa idan aka manna siririyar waya a jikin ƙarfe, duk lanƙwasar da ƙarfen ya yi za ta miƙe wayar ta sauya turjiyarta. Sauyin ƙanƙani ne ƙwarai, ta yadda in da jan ƙarfe aka yi amfani, ɗumin hantsi kaɗai zai binne shi. Ana bukatar wayar da miƙewa ke motsa ta amma zafi ba ya motsa ta, konstantan kuwa ya cika sharaɗin: idan ya miƙe da kashi ɗaya cikin dubu, turjiyarsa kan ƙaru da kusan kashi biyu cikin dubu. A shekarun 1950 aka koma yin abin da ɗan falle mai zanen zigizaga wanda bai kai faɗin farce ba. Idan aka kwance sikelin dijital na mai sayar da kifi ko kaji, ko na mai cika tukunyar gas, za a tarar da sandar alminiyum mai huji a tsakiya, da waɗannan falle manne a jikinta ƙarƙashin farin danƙo, da wayoyi huɗu masu fita. Sikelin da tirelar siminti ke hawa ma haka yake aiki, sai dai sandunansa na ƙarfe ne masu kauri, kowanne yana ɗaukar tan da yawa.